Larabcin Ya Gumsu Mai Turare

Wanda ya shiga unguwar Dogo Nini a Potiskum yana neman gidan Ya Gumsu mai turare ba ya buƙatar ɗan rakiya. Za a nuna masa lungun, ƙamshi ya kai shi har ƙofa. Gidan ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da bishiyar maina, wato darbejiya, a tsakar gida. A ƙarƙashinta take shanya kajiji da hawi, kayan haɗin turare, a kan tabarma, a nan kuma take narka sukari a kasko ta juye itacen turare a ciki. Amare daga Danchuwa har Gadaka sun shiga ɗakin miji da kwalaben humrarta.

'Yarta Fanne ta ce ta haura shekara sittin. Ita ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta sai a asibiti. Iyayenta mutanen Borno ne, fataucin shanu ya kawo mahaifinta Potiskum ya zauna. Da Kanuri ta buɗe baki, Hausa a kasuwa da gidan miji ta tsince ta, har yau kuma in tana magana za ka ji daga inda ta fito. Ba ta yi boko ba. Ta yi allo gwargwadon abin salla. Mijinta, Alhaji Yunusa, direban babbar mota ne, ya rasu tun yaran ba su gama girma ba. Cikin waɗanda ta haifa biyu ne suka rayu: Zainulabideen, ɗan fari, sai Fanne, wadda take ɗinki a bakin titi kuma take aure a unguwar.

Ya Gumsu ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Duk tsawon hirar da muka yi, "yayan Fanne" take cewa.

Zainulabideen ya tafi Khartoum karatu, ya gama bai dawo ba. Ya auri wata 'yar ajinsu mai suna Ummul-Khair, ya bi ta garinsu, Junaina, a yammacin Sudan, yana aiki a shagon magani. Suka haifi ɗa namiji, aka sa masa Mahdi. Ya Gumsu ba ta taɓa ɗaukar yaron ba. A waya take ganinsa, uban na riƙe da shi yana fassara. Kowace shekara sai ya ce da babbar salla zai kawo su.

Yana da ciwon suga. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, magani ya yanke a garin, har a shagon da yake aiki. Bai daɗe ba. Ummul-Khair ta binne shi, ta goya Mahdi, wanda lokacin bai fi shekara biyar ba, ta bi ayarin mutane a ƙafa zuwa Chadi. Aka ba su tanti a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Adre.

Muhammadu Lawan ne ya kawo labarin rasuwar. Abokin marigayin ne, tare suka yi karatu a Khartoum, ya dawo gida yana koyarwa a Islamiyya. Shi ya zama tafinta tsakanin matan biyu. Ta bakinsa Ya Gumsu ta ji halin da ake ciki. Ummul-Khair tana da hanya biyu. Yayanta da ke Libya yana ta aiko mata ta shiga motar da ke ratsa sahara ta same shi. Ko kuma ta kawo yaron Najeriya, wurin dangin ubansa, inda ba ta san kowa ba kuma ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani.

"Ni na san abin da take tunani," in ji Ya Gumsu. "Mace za ta ɗauki ƙafa ta zo gidan da ba mai ce mata sannu ta ji? In cikinta na ciwo wa za ta gaya wa? Sai a aika Gadaka a kira Lawan?"

Domin a lokacin an riga an mai da Muhammadu Lawan wata makaranta a Gadaka. Ko kafin ya tafi ma abin bai yi mata daɗi ba. Ta ce in ta fashe da kuka sai ya tsaya da waya a hannu yana jira ta gama, ya rasa abin da zai fassara. Ta kira Fanne ta ce a nemo mata yadda za ta koyi Larabci.

Fanne ta ba ni labarin ranar tana dariya. "Na ce, Iya, a wannan shekarun? Ke da har yau in za ki kira ni sai kin kira mai gawayi tukuna? Ta ce, ke da kika yi bokon me kika kawo mana gidan nan ban da cajin waya? Sa min abin, in ya gagare ni sai ki yi dariyar da hujja."

Fanne ta ba ta tsohuwar wayarta mai shafawa, ta sauke mata manhajar koyon Larabci. Manhajar kan nuna hoto, murya ta faɗi sunan abin, mai koyo ya maimaita. In ya faɗa daidai ta yi ƙara mai daɗi, in ya kuskure ta sake faɗa. Bayaninta da Turanci ne, wanda Ya Gumsu ba ta ji, don haka da hoto da kunne kawai ta bi. Ta ce wayar ta koya mata yadda ake neman ɗaki a otal da yadda ake tambayar tashar jirgin ƙasa tun kafin ta koya mata yadda za ta ce wa mutum ka ci abinci.

Abin da ya fi yi mata amfani shi ne wani zauren mata a WhatsApp, wanda wata Malama Asta take gudanarwa daga Damaturu. Malamar ta yi karatun Larabcinta ne a nan gida, ba ta taɓa zuwa ƙasar Larabawa ba. Takan turo darasi da murya, da Hausa, ɗalibai su maimaita su turo, ta gyara. Yawancinsu matan aure ne masu son su fahimci abin da suke karantawa a salla, da wasu masu shirin aikin hajji. Ya Gumsu ce babbarsu. Ba ta iya rubutu a waya ba, komai da murya take yi. Bayan sallar asuba, kafin ta hura wuta, sai ta jingina wayar da gwangwanin turare ta yi ta maimaitawa. Maƙwabta suka riƙa jiyo ta ta katanga. Wata ta leƙo ta ce, "Ya Gumsu, da aljanu kike magana?" Ta ce, "Da Larabawa. Ku dai ku zauna da Hausarku."

Ba abu ne mai sauƙi ba. Wuta kan yi kwanaki ba a kawo ba, sai a kai wayar wurin mai caji a bakin titi, darasin ranar ya wuce ta. Data kan ƙare a tsakiyar magana. Idonta ba ya jure hasken wayar. Sau biyu ta ƙona kaskon sukari saboda hankalinta na kan wata jimla. Akwai makon da ta ajiye abin gaba ɗaya ta ce kanta ya cika, sai Ummul-Khair ta turo hoton Mahdi a ƙofar tanti sanye da rigar da ta yi masa yawa, ta koma ta ɗauka.

Bayan wasu watanni ta tura saƙonta na farko ba tare da tafinta ba. Gajere ne. Ta ce: 'yata, yaya lafiyarki, yaya yaron, ni uwarki ce, gidana gidanki ne. Larabcin littafi ne, ba irin wanda ake yi a Junaina ba, amma Ummul-Khair ta yi makaranta, ta gane. Amsarta ta zo da muryar kuka. Fanne ta ce ranar Iya ta saurari saƙon har batir ya mutu, duk da rabinsa ma ba ta fahimta ba.

Daga nan suka saba. Ummul-Khair ta koyi yin magana a hankali, da ƙananan kalmomi. Ta sa Mahdi ya riƙa gaishe ta, yana ce mata Habboba, wato kaka a bakin mutanen Sudan. Suka gano cewa sana'ar Ya Gumsu ba baƙuwa ba ce a can, domin mahaifiyar Ummul-Khair ma tana haɗa humra. Ya Gumsu ta riƙa ɗaukar hoton kayan haɗinta tana turawa, ita kuma tana faɗa mata sunansu da Larabci. Ummul-Khair ta fara tambayar hanya: daga Adre zuwa Njamena, daga nan zuwa Gamboru, zuwa Maiduguri. Ta tambayi ko akwai makaranta kusa da gidan. Mijin Fanne, Babakura, ya ce shi zai je ya tarye su a kan iyaka. Aka tsayar cewa sai ruwa ya ɗauke hanya ta bushe. Ummul-Khair ba ta ce wa yayanta a'a ba tukuna, amma ta daina ambatonsa.

A nan ne Ya Gumsu ta ga lokaci ya yi da za ta yi abin da tun farko take ɗoki.

A Potiskum, kamar sauran garuruwanmu, kaka ba ta lallashin jika da daɗin baki. Tsokanarsa take yi. Jika namiji mijinta ne, rago ne, mummuna ne, bai kawo cefane ba. Shi ma ya rama, ya ce ta tsufa zai sake ta. Yaron da kakarsa ba ta tsokana, mutane kan tambaya ko lafiya. 'Ya'yan Fanne sun sha wannan tun suna rarrafe. Ya Gumsu ta ce duk gaisuwar da take yi wa Mahdi ji take kamar da ɗan maƙwabta take magana. Tana so kafin ya iso ya san cewa yana da kaka.

Manhajar ba ta da darasin wannan. Amma Fanne ta nuna mata wani wuri a wayar inda mutum zai yi magana da Hausa a mayar masa da Larabci. Ta faɗi abin da take so, wayar ta fassara, ta sa Fanne ta riƙa kunna mata har ta haddace. Sannan ta tura zauren mata don a duba. Malama Asta ta gyara mata furucin kalma biyu, ta ce ma sha Allah, Ya Gumsu ta fi kowa ƙoƙari. Matan zauren suka yi ta turo dariya. Wata ta ce a ba ta aron jimlar, ita ma tana da miji a gida mai shekara uku. Fanne ma dariya ta yi. Cikin duk matan da suka ji saƙon ba wadda ta ga wani abu a cikinsa, domin kowaccensu da irinsa aka rene ta.

Ga abin da saƙon ya ce, kamar yadda Ya Gumsu ta maimaita min da Hausa: "Kai mijina, rago, mummuna, mai ƙaton kai. Ka bar ni ba cefane. In ka zo gidan nan ba za ka ci tuwona ba, a waje za ka kwana da awaki."

Ta tura da hantsi, ta koma kan kaskonta tana jiran muryar yaron.

Alama ta nuna an saurara. Amsa ba ta zo ba. Washegari ta tura gaisuwa, aka saurara, shiru. Ta ɗauka matsalar caji ce, don ta san a sansanin sai an bi layi wurin mai sola. Ta tura wata gaisuwar, ta tura hoton sabon turaren da ta haɗa. Bayan wani lokaci saƙonnin suka daina shiga ma gaba ɗaya. Fanne ta kira lambar ta ji a kashe. Sai da abin ya kai mako biyu ko fiye kafin su nemi Muhammadu Lawan, kuma Fanne ta ce wannan jinkirin shi ne abin da ya fi damunta har yau.

Ya zo ranar kasuwa. Ya zauna a bakin tabarma, Fanne ta kunna masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan wancan sai ya ce a sake kunnawa. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Iya, wa ya ce ki tura wannan?"

"Wa zai ce? Jikana ne. Ko Larabcin ne bai yi ba? Malama ta duba."

"Larabcin ya yi, Iya. Da bai yi ba da ya fi mana sauƙi."

"To mene ne? Kai kakarka ba ta ce maka mai ƙaton kai ba? Ga kan nan har yanzu."

Ya faɗa min cewa bai iya yin dariya ba. Ya gaya mata cewa a gidajen da ya shiga a Sudan bai taɓa jin kaka ta yi wa jika irin wannan ba, kuma ko da akwai masu yi, ba a gidan su Ummul-Khair ba. Ya ce ta tuna inda matar take zaune. Ya Gumsu ta ce, "Yayan Fanne bai gaya mata ba?" Ya ce da alama bai gaya mata ba.

Muhammadu Lawan ya bi ta hannun tsofaffin abokan karatu har ya samo lambar yayan Ummul-Khair a Libya. Ta wannan lambar ya same ta a can. Ta riga ta ratsa saharar, ita da yaron, a bayan motar ɗaukar kaya. Sun isa da rai. Daga bakinta ya ji abin da ya faru, ya kuma faɗa min kamar yadda ya faɗa wa Ya Gumsu.

A makon da saƙon ya shiga an rage rabon abinci a sansanin. Mahdi bai daɗe da tashi daga gudawa ba, ya rame har kansa ya yi wa jikinsa girma. Ummul-Khair ta saba in saƙon Habboba ya zo sai ta kira matan tantunan kusa ta kunna a fili, don tana alfahari da tsohuwar da ta koyi Larabci saboda ita. Haka ta yi ranar, yaron na zaune a cinyarta. Da saƙon ya ƙare, Mahdi ya ɗago ya tambayi uwarsa ko gaske ne a gidan Habboba ma ba abinci. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, tun ba ku je ba ke nan. A makon ne kuma motar da yayanta ya yi mata magana za ta tashi.

Muhammadu Lawan ya yi mata bayanin al'adar dalla-dalla. Ya ce ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ta yarda, Allah ya yafe musu baki ɗaya. Amma ta ƙara da magana ɗaya, wadda ya yi ta juyawa kafin ya fassara wa Ya Gumsu. Ta ce da a ce wani ne ya faɗa cikin fushi da ta share. Abin da ya ƙona ta shi ne ta san tsohuwar ba ta jin Larabci, ta san sai da ta zauna ta koyi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, ta maimaita har suka zauna, sannan ta turo wa ɗanta.

Ya Gumsu ta fita daga zauren mata a ranar. Malama Asta ta kira ta da kanta ta ba ta haƙuri, ta ce laifin nata ne, ita ce malama. Ya Gumsu ta ce ba laifin kowa ba ne, ita ta faɗa da bakinta. Ta yi kusan wata ba ta hura wutar turare ba. Fanne ce ta riƙa sallamar masu zuwa saye.

Yanzu ta koma karatun. Ta haddace jimlolin ban haƙuri ta tura, Ummul-Khair ta amsa da ladabi. Tana aiki a wani gidan burodi a can, an sa Mahdi a makaranta. Takardunsu ba su cika ba, kuma hanyar da suka bi ba wadda ake komawa ta cikinta ba ce da ƙaramin yaro. In Ya Gumsu ta tambayi maganar zuwa, sai ta ce in sha Allah, ta sauya zance. Muhammadu Lawan ya ce shi bai ga alamar za su zo nan kusa ba. Bai faɗa wa Ya Gumsu haka ba, amma yana jin ta sani.

Sukan kira wani lokaci ranar Juma'a, in yayan ya ba da aron waya mai data. Ina gidan wata Juma'a bayan la'asar aka kira. Ya Gumsu ta goge hannunta a zani, ta gyara ɗankwali, ta riƙe wayar nesa da fuskarta yadda za ta gani. Yaron ya bayyana, ya yi tsawo, uwarsa na gefensa ana ganin kafaɗarta. Ta tambaye shi lafiyarsa da Larabci, ya ce alhamdu lillah, Habboba. Ta tambayi makaranta, ya ce alhamdu lillah. Ta tambaya ko ya ci abinci, ya kalli uwarsa, sannan ya ce ya ci. Ta sa masa albarka. Ya ce amin. Hoton ya tsaya, kiran ya yanke.

A lokacin ƙaramin ɗan Fanne ya shigo da gudu ya ture mata tiren kajiji. Ba ta ko juya ba ta ce, "Kai rago, mijin banza, za ka biya ni." Yaron ya yi mata gwalo ya fice.

Ta ajiye wayar a kan tabarma ta fara tsince kajijin daga ƙasa. Na tambaye ta ko tana ganin wata rana za ta iya yi wa Mahdi irin wannan.

"Uwarsa na tsaye a wurin," ta ce. "Kuma ko ba ta nan, shi bai san abin ba, wa zai koya masa? Ka dai ji yadda muka yi. Kamar surukina nake gaishe shi."